Shekara Biyun da Babu Mai Su

A Gabrovo, hayin gadar kogin Yantra,
akwai ɗakin karatu mai kwamfuta tara.
Autarsu ta girmi yaran da ke taɓa ta.
Fankarta na nishi kamar tsohuwa a matakala,
amma dai tana hawa.

Nevena ce mai buɗe ƙofa.
Ita ta karanta sanarwar, ko safar hannu ba ta cire ba:
babbar manhaja, shekara biyar za a kula da ita.
Fuskar da ke samanta, wannan marar nauyi,
mai tagogi ba ado da agogo a kusurwa,
uku.

Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.
Wato harsashin gida zai tsaya daram,
ƙofa da sakata kuwa, kowa tasa ta fisshe shi.

Sanarwar ta ce a koma babbar fuska,
mai inuwa, mai sheƙi, mai tagogi masu iyo.
Aka gwada a ta uku daga bango.
Ta ɗauki kayan, ta durƙusa.
Linzami ya maƙale a tsakiyar allo
kamar ƙuda cikin zuma.

Lyuben Tanev bai tofa ba.
Shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin saƙa
kafin a garƙame masaƙar,
ya san zare ba ya tsinkewa inda ake kallo.
Layi biyu ya aika wa masu manhajar:
"Shekara biyun nan ku bar mini.
Ba ni da sabon abu, faci kawai na iya."

Ba a tafa wa mai faci.
Sha ɗayan dare, shayi ya huce,
dusar ƙanƙara na toshe bakin taga,
yana ɗauko gyara daga sabon zubi,
yana rage masa kafaɗa
har ya shiga tsohuwar riga,
bai gusar da maɓalli ko ɗaya
daga inda Radka ta san shi ba.

Radka, tamanin ba biyu.
Hanyar ta haddace kamar hanyar kasuwa:
kusurwar hagu, hawa biyu, danna,
sai ga fuskar ɗanta daga Valencia.
A matsar da alamar nan faɗin yatsa,
ɗan ya ɓata ke nan.

Ranar da aikin Lyuben ya yi kyau
ba abin da ke faruwa.
Mai neman aiki ya buga takardarsa ya tafi.
Ɓarawon da ya laluba ta waya ya tarar an ɗinke ɓarakar
tun daren jiya.
Ba wanda ya sani, balle ya gode.

Hunturu na biyu yana ta hau idonsa na dama.
Ya saki gyara da waƙafi a inda ba wurinsa ba,
agogo ya ɓace daga alluna tara.
Desislava, 'yar sha shida, mai zuwa don ɗumin ɗakin,
ta bi layukan da farce,
ta ce, "Kawu, ga shi nan."
Ya daɗe yana duban inda ta nuna.
Bai gani ba.
Ya ce, "Jawo kujera."

Ita sabo take so, ta faɗa masa,
abu mai gudu, mai launi.
Ya ce ya ji. Ya miƙa mata mabuɗin sa hannu
a 'yar takarda mai tabon shayi.

Afrilu wa'adin zai cika.
Bayan nan, Nevena ta ce, a bari ya zo tukuna.
Tana kashe su ɗaya bayan ɗaya da yamma.
Ta tara takan ɗan jima kafin ta yi shiru,
sai ta tsaya da makulli a hannu
tana jiran ta.